Kwamfutar da Yayana Ya Liƙe

Yayana ba ya jin yatsunsa. In ka soka masa allura a kan yatsa, sai ya ga jini kafin ya san an taɓa shi. Na gwada da kaina, don ni tela ce, allura ba ta yi mini nisa. Ya kalli yatsan, ya kalle ni, ya ce, "Kin gama?" Sannan ya ci gaba da shan shayinsa.

Aikin ɗakin sanyi ne ya mayar da shi haka. Tun yana saurayi yake aiki a wani sito da ake ajiye kifi da kaji, irin wanda ƙofarsa ta fi katifa kauri, ciki kuma ƙanƙara ta kama bango har sama. Mota ta zo su sauke kwalaye su jera, masu sari su zo su fito musu da kaya. Ana ba su safar hannu, amma safar jiƙewa take ta daskare, sai su cire su yi da hannu tsura. Abokan aikinsa sun zo sun tafi, wasu ciwon ƙirji ya kore su, wasu sun samu abin da ya fi. Shi yana nan har aka damƙa masa makullin wurin. Rufe-Ƙofa suke kiransa a can, don ita ce maganar da ta fi yawa a bakinsa: "Rufe ƙofa, sanyi na fita." A gida ma ba mu tsira ba. In ka buɗe firji ka tsaya tunanin abin da za ka ɗauka, sai ka ji hannu ta bayanka ya mayar da murfin.

Matarsa ta zauna da shi har ɗansu ya shiga sakandare, sannan ta ce ta gaji. Ba duka, ba zagi, ba yunwa. Ranar da take haɗa kayanta ta ce mini, "Ke ƙanwarsa ce, ba zan ɓoye miki ba. Ko faɗa ne da ya yi da ni sau ɗaya, in san da mutum nake zaune." Na so in tare wa ɗan'uwana, na rasa ta inda zan fara. Ta sake aure a can ɗaya gefen gari, yaron ya bi ta saboda makarantarsa ta fi kusa da can. Aka tsayar da cewa duk Asabar zai zo wurin ubansa ya kwana.

Gida ɗaya muke haya da Yaya. Ɗakinsa na kallon nawa, keken ɗinkina na baranda a tsakani, mijina kuma direban babbar mota ne, ba ya zama. Don haka duk abin da ya faru a kan idona ya faru. Yaron, Injiniya muke ce masa tun ranar da ya kwance rediyon uban ya kasa mayarwa. Da fari yana zuwa ya kwana. Daga baya kwanan ya koma yini, yinin ya koma sai bayan sati biyu, sai kuma waya: "Baba, wannan satin ba zan samu zuwa ba." In ma ya zo, hirar tasu ba ta da tsawo. "Ya makaranta?" "Lafiya." "Ka ci abinci?" "Na ci." Shi ke nan, an gama. Sai yaron ya duƙufa a waya, uban ya zauna yana kallon ƙofa.

Ni ce na titsiye yaron na tambaye shi inda yake kai Asabar ɗinsa. Ya ce, "Gwaggo, gidan abokina nake zuwa, yana da kwamfutar gem, ta yin wasa." Na kai wa Yaya maganar da zafinta, ina jira ya ce wani abu, ko tsaki ne. Sai bayan kwanaki ya tsaya a gaban kekena ya ce, "Wannan kwamfutar da ake gem da ita, sayenta ake ko haɗa ta ake?"

Na ce, "Ni ka gani da kama da mai sayar da kwamfuta?" Amma na ɗauki mayafina na raka shi.

Shagon yana saman bene a layin masu gyaran waya, ɗan tsukuku ne, kwalaye har rufi. Mai shagon wata mata ce mai gilashi, ba ta da ɓata lokaci. Ta ce ga mai ƙaramin ƙarfi haɗawa ta fi, a riƙa sayen kayan ɗaya bayan ɗaya, wasu sababbi wasu na hannu. Ta nuna masa furosesa, wani ɗan ƙarfe da bai kai akwatin ashana ba, ta ce shi ne ƙwaƙwalwar. Ta nuna masa bod ɗin da komai ke hawa kansa, da ram mai riƙe aikin da kwamfutar ke kan yi, da katin hoto wanda ta ce shi gem ya fi ci. Yaya yana ta gyaɗa kai irin na wanda likita ke yi wa bayani. Na san ba abin da ke shiga.

Sai ta ce, "Wannan furosesan na hannu ne, Malam, ba ya zuwa da fankarsa. Sai ka sayi kula daban."

Na ce ni kular da na sani ta zuba abinci ce. Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya matso kusa da teburin.

"Zafi yake yi?"

"Sosai. In ya haura casa'in da wani abu, kwamfutar kashe kanta take."

Rabon da in ga idon Yaya ya buɗe haka har na manta. Mutumin da kullum safiya ma'aunin sanyi yake fara dubawa, yau an zo gidansa. Ta fito da kula iri uku ta jera masa. Akwai ƙarama shimfiɗaɗɗiya mai fanka a kai, akwai doguwa mai bututun jan ƙarfe da faranti jere-jere, akwai kuma mai aiki da ruwa. Ta ruwan ko taɓa ta bai yi ba, ya ce, "Duk abin da ke da ruwa a ciki, wata rana zai yi yoyo." Ya ɗauki doguwar ya auna nauyinta a tafin hannu, ya ɗaga ta sama ya leƙa tsakanin farantan, ya tambayi bututu nawa ne ke taɓa furosesan.

Mai shagon ta ce, "Malam, gaskiya ƙaramar ta ishi wannan furosesan. Abin da za ka zuba a babbar, ka ƙara a katin hoto, yaron zai fi jin daɗi."

"Wannan nake so."

"To sai akwati mai faɗi, in ba haka ba murfin gefe ba zai rufu a kanta ba." Ta ɗauko abin awo ta auna tsayin kular, ta jawo wani baƙin akwati na hannu ta auna cikinsa. Gabansa raga ne, samansa da bayansa duk huji-huji. Na ga Yaya ya ɗaure fuska yana kallon hujojin. Ta ce akwatin ba fanka a jikinsa, in ya samu hali ya ƙara biyu. Ya ce fankar babbar kular ta isa.

Har muka iso gida ina masifa. Na ce mace ta gaya maka abin da yaro zai fi so, kai ka je ka sayo abin da kai kake so. Ya rungume kwalin kular yana tafiya kamar ba da shi nake ba.

Kayan suka riƙa taruwa a saman kabad ɗinsa wata bayan wata. Ya daina hawa mota zuwa aiki, ya koma takawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya hana a gaya wa yaron. Na ce, "Yaya, ka kira shi ku haɗa tare mana! Injiniya ne fa, ai da gudu zai zo." Ya ce, "Sai ta tashi." A cikin watannin nan zuwan yaron bai taka kara ya karya ba, kuma duk zuwan da ya yi, yana zaune ne a ƙarƙashin kwalayen bai sani ba.

Wata Lahadi da hantsi muka haɗa ta. Mai shagon ta riga ta ɗora masa furosesan a bod, sauran kuwa bidiyo muka bi a wayata. Nan yatsun Yaya suka ba shi kunya. Ya ɗauki ɗan sukuru, ya kai bakin rami, ashe tun a hanya ya faɗi bai sani ba. Ya sake ɗauka, ya sake faɗuwa. Na ce, "Matsa, mai hannun katako." Ni na ɗaure komai, shi yana riƙe da fitila yana cewa in bi a hankali. Man da ake ɗiga wa furosesa kafin a ɗora kula kuwa, shi ya ce sai shi, ya matso ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake, ya daɗe yana kallonsa. Da muka danna maɓalli fankar ta juya, rubutu ya fito a sikirin. Na yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Shi kuwa bayan wuyan hannunsa ya kai kusa da ragar, inda har yanzu yake jin abu. Na ji ya ce a hankali, "Sanyi na fita."

Washegari na dawo daga kasuwa na tarar ya baje kaya a tsakar ɗaki. Ya samo tsohuwar robar ƙofar firji daga wurin aiki, da fallen soso, da irin gam ɗin da suke liƙe bangon ɗakin sanyi da shi. Ya toshe ragar gaba, ya toshe sama, ya toshe baya, ya bi gefen murfin da roba. Ko hujin da allura za ta shiga bai bari ba. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, layi a miƙe, ba gam da ya tsiyayo. Ni da ban san kan kwamfuta ba, sai na ga ai maganarsa a kan hanya take.

Sannan ya kira yaron ya ce, "Ka zo Asabar, akwai abin da zan nuna maka."

Injiniya ya shigo yana duba waya, ya ɗaga kai, ya tsaya cak a bakin ƙofa. "Baba, ta wa ce?"

"Taka ce."

Yaron ya kalle ni, na gyaɗa masa kai. Ya zauna, ya saka gem ɗinsa, wasu motoci suka fara tsere a sikirin. Yaya ya tsaya a bayansa, hannu a baya. Ba a jima ba fankar ta fara kuka kamar injin markaɗe, motocin suka fara tsayawa suna tafiya, sai ɗif, sikirin ya yi baƙi. Yaron ya sake kunnawa, ta sake mutuwa. Ya ɗora hannu a kan akwatin ya janye da sauri. Ya leƙa gaba, ya leƙa baya.

"Baba, wa ya liƙe wannan?"

"Ni ne. Don kada sanyin ya fita."

Yaron ya yi dariya har ya zamo daga kujera. Da ya samu numfashi ya ce, "Baba, ai ba firji ba ce! Kular ba ta yin sanyi, zafi kawai take kwashewa daga furosesa ta watsa wa iska. In iskar ba ta da hanyar fita, ina zafin zai je? Ka kulle ta ne da zafinta."

Yaya ya daɗe yana kallon aikinsa. Ya ce, "Ashe." Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa, na fita baranda na yi kamar ina neman almakashi.

Sai dai gam ɗin ɗakin sanyi ba a yi shi don a ɓamɓare ba. Suka zauna a ƙasa, uba da ɗa, da reza da kananzir da tsumma, suna kankarewa har la'asar. Ina jin su daga kekena. Yaron ya tambaye shi sanyin wurin aikinsu nawa yake kaiwa, ya faɗa masa, yaron ya ce ƙarya ne. Ya tambaye shi ko ƙofar ta taɓa rufewa da mutum a ciki. Sai ga Yaya yana ba da labari, da farkonsa da ƙarshensa, har da kwaikwayon muryar ogansu. Tare muka tashi da mutumin nan, ban taɓa sanin ya iya kwaikwayon murya ba. Ranar Injiniya bai tafi ba, a nan ya kwana.

Sosan ya fita, robar ta fita, amma gam ya riga ya cike idon ragar. Kwamfutar ta daina mutuwa da wuri, sai dai lambar zafin da yaron ya saka a gefen sikirin ba ta sauka yadda ya kamata, sai an cire murfin gefe an juyo mata fankar ɗaki. Asabar ta gaba ya dawo. Ta gaba ma ya dawo. Ya kwashe mini allurai yana tsokale idon ragar ɗaya bayan ɗaya, uban na riƙe masa, suna gardama a kan ta ina iska ya kamata ta shiga. Na ƙara yawan abincin da nake dafawa ranar Asabar, ban ce wa kowa komai ba.

A tsakiyar wannan aikin ne yaron ya ce, ko kai bai ɗaga ba, "Baba, in ta daidaita zan tafi da ita can, ko? Intanet ɗin can ya fi, kuma sai in riƙa yi bayan makaranta. Yanzu dai ba zan kai ta da gefe a buɗe ba, ƙannena za su cusa hannu. Fanka biyu kawai take buƙata da sabuwar raga."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Yaro ne, an ce masa tasa ce. Yaya ya ce, "Ai taka ce."

Yaron na fita na shiga ɗakin na turo ƙofa. Na ce, "Yaya, kada ka sayi fankar nan."

Ya kalle ni.

"Ka ce masa babu hali. Ai ba ƙarya ka yi ba, yaushe ka taɓa samun halin? Muddin tana nan da ciwonta, yana nan. Ranar da ta warke ka yi sallama da shi."

"Zafin yana cin furosesa," in ji shi. "Mai shago ta ce yana rage masa kwana."

"Ya ci mana! Ƙarfe ne fa! Kai ba abin da ke cin ka?"

Ya ɗauki tsumman kananzir ya ninke shi, ya sake ninkewa. Ya ce, "Ba zan ba ɗana abu mai ciwo ba ina sane."

Na zage shi, Allah ya yafe mini, yayana ne. Na ce da ma matarka ta faɗa. Ƙarshen wata ya hau benen nan shi kaɗai, ya dawo da fanka biyu da sabuwar raga. Ya ce mai shagon ta nuna masa, ta gaba ta ja iska ciki, ta baya ta fitar. Ya tsaya a gaban kekena da sukundireba a hannu. Na ce wallahi ba da hannuna ba.

Ya koma ɗaki ya yi da kansa. Ina jin ƙarar sukuru na faɗuwa a siminti yana gangarawa, ina jin shi yana rarrafe yana nema. Na ƙara taka keke don kada in ji. Da na gaji na leƙa ta taga, sai na ga dabarar da ya yi. Da leɓe yake riƙe sukurun, ya laluba kansa da harshe, ya ɗora shi a bakin sukundireba, sannan ya kai rami a hankali yana riƙe numfashi. Aikin da zan yi kafin ruwan shayi ya tafasa, shi ya cinye masa safiya guda. Ban shiga ba.

Asabar yaron ya zo ya kunna, murfi a rufe. Motocin suka yi ta tsere, fankar ko tari ba ta yi, lambar ta tsaya a ƙasa ta ƙi hawa. Ya ce, "Kai, Baba, ka iya fa!" Ya kira tasi. Yaya ya naɗe akwatin da bargonsa, ya ɗauka da kansa ya kwantar da shi a kujerar baya. Ya ce wa direban ya bi ramuka a hankali, kular tana da nauyi, kada ta tsaga bod. Yaron ya leƙo ta taga ya ce, "Sai Asabar, Baba. Gwaggo, sai Asabar."

Asabar ta zo bai zo ba, ya ce jarrabawa. Ta gaba bai kira ba ma. Na zuba ido in ga Yaya ya yi wani abu, ya yi fushi, ya ƙi cin abinci, ya ce mini da na ji maganarki. Ko ɗaya. Ya tashi ya tafi aiki, ya dawo ya sha shayi, ya zauna. Teburin da kwamfutar ta zauna a kai yana nan inda yake, bai ɗora komai a kai ba. Ni ma masifar ta ƙare mini, na koma muna gaisawa kawai.

Wata rana da yamma ina ɗinki ya zo ya miƙo mini wayarsa. Saƙo ne daga Injiniya, hoton gefen sikirin, lambar zafi ce kawai a ciki.

Na ce, "Ko gaisuwa babu?"

"Hamsin da takwas," in ji shi. "Da gem a kunne fa."

"Sai me?"

"Yana da kyau." Ya ɗan tsaya. "Ki rubuta masa amsa, kin fi ni iya rubutu a waya."

Na ɗora yatsa a kan wayar na ce, "Me zan ce masa?"

Ya daɗe yana tunani. Na ƙura masa ido ina jira, kalma biyu kawai nake so in ji daga bakinsa, "ka zo," in tura kafin ya canja ra'ayi.

"Ki ce ya riƙa share mata ƙura."

Na rubuta na tura. Ya karɓi wayarsa, ya tsaya a wurin yana kallonta, har hasken sikirin ya mutu a hannunsa. Ya danna ya sake kunna shi.